Tsutsotsin Ƙasan Teku da Ruwan da Ke Wucewa ta Lolo

Mutanen bakin Kwara, daga Lolo da Illo har Yawuri, sun san kurkunu ko da a bakin manya ne: farar tsutsa doguwa mai huda ƙafa, a riƙa naɗe ta a jikin tsinke kaɗan-kaɗan har makonni, manomi na kwance damina na wucewa. Sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da ita. Tsutsar ciki, da mai kawo tundurmi, da mai makantar da mazauna bakin kogi, duk danginta ne. Wanda ya ji ana batun kare wannan dangi ya ja tsaki, ba a ga laifinsa ba.

Sai dai masu cutar da mutum 'yan tsiraru ne a zuri'ar. Galibinsu a ƙasa da laka suke rayuwa, kuma babu inda suka mamaye kamar ƙasan teku. Da an zarce zurfin mita 1,000 hasken rana ya ƙare, sai duhu da sanyi da nauyin ruwa. A lakar can, cikin dabbobi goma da masana za su ƙirga, kusan tara waɗannan tsutsotsi ne. Yawancinsu ba su wuce milimita 1 ba, sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Har a ramin Mariyana, mai zurfin kusan kilomita 11, an same su.

Ba tsiro a wurin, don haka abinci daga sama yake saukowa: gawar ƙananan halittu da kashin kifi, suna gangarowa sannu a hankali. Tsutsotsin na cin wannan, suna cin bakteriya, suna kutsawa cikin lakar suna motsa ta, abin da ya ruɓe ya koma sinadarin da ruwa zai sake amfani da shi. Su kuma su zama abincin waɗanda suka fi su girma. Ba su da kyan gani, shi ya sa ba a yi musu fim kamar kifin wel.

Ina haɗinsu da Lolo? Ruwan da ya raba Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin shi ne ke shigowa Najeriya ta nan, ya bi Kainji da Lakwaja ya faɗa Tekun Gini. Ledar fiya wata da aka yar ranar kasuwa, da maganin ƙwari Gamalin da wasu ke zubawa don kifi ya taso, ba duka ke tsayawa a gabanmu ba. Wani binciken masanan Jamus na 2017 ya saka Kwara cikin koguna goma da suka fi kai roba teku. Roba kuwa ba ta ruɓewa, marmashewa take ta nutse, kuma an sha samun ɓurɓushinta a lakar zurfi.

Babbar barazanar dai haƙar ma'adinai ce. A tekun Fasifik, tsakanin Hawai da Meziko, akwai dunƙule-dunƙulen dutse kamar dankali zube a ƙasa, ɗauke da manganis da nikel da kobalt da ake nema don batirin motocin lantarki. Kowane dunƙule 'yan milimitoci kawai yake ƙaruwa a shekara miliyan. A 1989 masana Jamus suka ja garma a ƙasan teku daura da Peru, a zurfin sama da mita 4,000, don su ga yadda wurin zai farfaɗo. Da aka koma a 2015 shatin garmar na nan, halittun wurin ma ba su gama komawa yadda suke ba. Gwaji ne fa a ɗan fili, ba injinan kamfani masu aiki dare da rana ba.

Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ce arzikin ƙasan tekun da ba na kowace ƙasa ba mallakar dukkan 'yan Adam ne. Hukumar da ke kula da shi tana Kingston ta Jamaika, kuma Najeriya da Benin mambobinta ne. Ta ba da lasisin bincike sama da 30, ana ta jayayya kan ƙa'idojin haƙa. Ƙasashe irin su Faransa da Jamus sun nemi a dakata tukuna. A ganina nan ya kamata wakilanmu su tsaya, har sai an san iya abin da ke cikin lakar, domin yawancin tsutsotsin da ake ɗebowa daga can ko suna ba a kai ga raɗa musu ba.