Ruwan soda a gorar lemo

Sana'ar haɗa sabulun ruwa ta shiga gida-gida, daga Kano har Maraɗi. Ana koyar da ita a tarukan mata da kuma ta waya, jari kaɗan take so, kuma ba wanda zai ƙi mace ta samu na kanta. Amma tare da ita kostik soda ta shigo tsakar gida, kuma wasu masu koyarwa suna bayanin awo da turare, su tsallake maganar guba.

Ana jiƙa sodar a ruwa, a bar ta ta kwana. Idan ta narke ba launi, ba wari, fes kamar ruwan sha. Sai a ɗura ragowar a gorar lemo ko robar ruwa, a ajiye a gindin randa. Yaro ɗan shekara biyu ya dawo daga wasa da ƙishi, ya ɗaga ya kurɓa.

Masana sinadarai suna da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Ruwa zalla yana kan 7, asid yana ƙasa, dangin kanwa da toka suna sama, kuma kowane mataki ninki goma ne na wanda ya gabace shi. Ruwan soda mai ƙarfi yana wajen 14. Jininmu yana zaune tsakanin 7.35 da 7.45, domin akwai sinadarin bikabonet da ke shanye ɗan canji ya maido da daidaito, amma wannan garkuwa ta ƙananan sauye-sauye ce. Maƙogwaro ba shi da abin tare soda. Aikin da take yi wa mai a bokiti, shi take yi wa naman yaro: ta narkar da kitse da tsoka, ta ci gaba da nutsawa. Shi ya sa ɓarnarta a hanyar abinci kan fi ta asid zurfi.

Sai kuma taimakon da ke ƙara ɓarna. Wata ta ce a ɗura masa manja, wani ya sa yatsa ya jawo amai, sodar ta sake ƙona hanyar da ta bi. Mai ɗan karatun kimiyya ya ce a ba shi lemon tsami, ai tsami yana kashe kaifin soda. A kwalbar gwaji haka ne, amma haɗuwar tasu zafi take fitarwa, a kan naman da ya riga ya saluɓe. Kada a yi ko ɗaya. A kurkure baki, a wanke fata ko ido da ruwa mai yawa na aƙalla minti 20, a ɗauki gorar a tafi asibiti nan take, ko da ba a ga ƙuna a leɓe ba.

Bayan mako uku ko fiye ciwon kan warke da tabo, hanyar abinci ta tsuke, yaro ya kasa haɗiyar tuwo, daga baya har kunu da yawu. Daga nan sai buɗa maƙogwaro a kai a kai, ko a huda ciki a sa robar ciyarwa, ko babbar tiyata da ake yanko hanji a yi sabuwar hanya.

Ke mai sana'a, kada ki zuba ruwan soda a mazubin abin sha ko na minti ɗaya. Ki rubuta suna a jiki, ki kulle a ɗaki, ki haɗa sabulunki yara ba sa kusa. Mai koyarwa kuma ya fara da wannan darasi kafin ya karɓi kuɗin rajista.