Gida a Kan Yuro Ɗaya: Abin da Baƙo Zai Sani Kafin Ya Sayi Gida a Ƙauyukan Italiya

Labari ya bazu ko'ina cewa a ƙasar Italiya ana sayar da gida sukutum a kan Yuro ɗaya, kuɗin da da ƙyar zai sayi kofin gahawa a can. Labarin gaskiya ne, amma rabinsa ne kawai ya iso mana. 'Yan Nijeriya fiye da 100,000 suna zaune a Italiya, ban da 'yan Gana da na sauran maƙwabtanmu, a cikinsu kuwa akwai 'ya'yanmu da 'yan'uwanmu cikin Almasihu. Wata rana ɗa zai iya bugo waya ya ce, "Baba, na sami gida da arha, a taimake ni." Ko kuwa wani mai zaƙin baki ya zo ya ce in an sayi gida a can, takardar zama ta samu ke nan. Kafin iyali su sayar da shanu ko gonar gado saboda wannan zance, ya kamata su ji sauran rabin labarin.

Me ya sa gidajen suka zama kango?

Tun wajen shekara ta 1880 har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, miliyoyin mutanen Italiya sun gudu daga talauci, sun shiga jiragen ruwa zuwa Amurka da Ajantina da Barazil. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma samari suka bar gonaki suka tafi masana'antun Milan da Turin, waɗansu suka haura Jamus da Suwizalan da Beljiyam. Da yawa daga cikinsu ba su komo ba. Sa'an nan haihuwa ta ragu ƙwarai. A 1964 an haifi jarirai fiye da miliyan ɗaya a ƙasar, amma a 2022 ba su kai 400,000 ba.

Italiya tana da ƙananan hukumomin gari wajen 7,900, kuma kimanin kashi 70 cikin ɗari na cikinsu mutanensu ba su kai 5,000 ba. A irin waɗannan garuruwa, musamman na kan duwatsu a kudu da tsibiran Sisili da Sardiniya, tsofaffi ne suka fi yawa. In tsohuwa ta rasu sai a rufe ƙofa. Rufi ya fara yoyo, bango ya tsage, makarantar gari ta rasa yara. Magadan da ke birni kuwa suna biyan haraji kowace shekara a kan gidan da ba su kwana ciki. Don haka rabuwa da shi hutu ne a gare su.

Yuro ɗaya da sharuɗansa

A 2008 magajin garin Salemi a Sisili, Bitoriyo Sigarbi, ya kawo shawara a ba da gidajen da girgizar ƙasa ta 1968 ta lalata a kan Yuro ɗaya, ga duk wanda zai gyara. Shirin bai yi nisa ba a lokacin, amma waɗansu garuruwa suka ɗauka, kamar su Ganji da Musomeli a Sisili, da Ololai a Sardiniya.

Wanda ya fi yin suna shi ne na garin Sambuka a 2019. An yi gwanjon gidaje 16, aka fara tayi daga Yuro ɗaya, amma mafi tsada ya kai Yuro 25,000. Kowane mai saye sai da ya ajiye Yuro 5,000 a hannun hukumar gari, ya kuma yi alkawari zai gama gyara cikin shekara uku da kuɗin da bai gaza Yuro 15,000 ba. In ya cika alkawari a mayar masa da ajiyarsa, in ya kāsa ta tafi. Kowane gari yana da nasa sharuɗan, amma manufar ɗaya ce. Ba kyauta ake yi ba, ana neman wanda zai zuba dukiyarsa ya rayar da gari. Hausawa suka ce arha ba ta ado. Baƙi da yawa da suka je duba kangon Yuro ɗaya sun ƙare da sayen gida mai ƙofa da rufi lafiyayye a kan kuɗi mai kauri, gama sun ga hakan ya fi sauƙi.

Ko kowane baƙo zai iya saya?

Ba kowa ba. Ɗan ƙasar da ke cikin Tarayyar Turai yana saya kamar ɗan gida. Baƙon da ke zaune a Italiya da takardar izinin zama mai kyau, ta aiki ko ta iyali, shi ma hanya a buɗe take gare shi. Amma wanda ke wata ƙasa ba shi da wannan takarda, doka ta ce sai an duba ko ƙasarsa tana barin mutumin Italiya ya mallaki gida. In tana bari, a bar shi, in ba ta bari, a hana shi. Ma'aikatar harkokin wajen Italiya ce ke riƙe da bayanin kowace ƙasa. Wannan ita ce tambayar farko, tun ba a fitar da ko kwabo ba.

Ga kuma maganar da ya kamata kowane uba da uwa su riƙe da kyau. Mallakar gida ba ta ba mutum izinin zama a Italiya. Mai gida da ke da bizar ziyara ba zai wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 ba, daidai da wanda ba shi da ko bukka. Akwai biza ta waɗanda suke so su zauna da abin hannunsu, amma ana neman shaidar samun wajen Yuro 31,000 a shekara daga fansho ko haya ko makamantansu, ba ta kuma ba da izinin yin aiki. Duk wanda ya ce muku takardar gida takardar zama ce, ko dai bai sani ba, ko kuwa aljihunku yake nema.

Yadda ciniki yake tafiya

Da fari mai saye zai karɓi lambar haraji, wadda ofishin haraji ko ofishin jakadancin Italiya ke bayarwa. In babu ita ba a sa hannu a kome. Sa'an nan ya ɗauki safiyo nasa na kansa, wanda ba shi da haɗi da mai gida ko dillali, ya auna gidan, ya gwada shi da taswirar da ke ofishin rajistar filaye.

In an daidaita a kan kuɗi sai a rubuta yarjejeniyar farko, mai saye ya ba da kafin alƙalami, galibi wajen kashi 10 cikin ɗari ko fiye. Dokarsu a nan tana da kaifi biyu. In mai saye ya fasa, kuɗinsa ya tafi. In mai gida ya fasa, zai mayar da ninki biyu. Saboda haka kada mutum ya sa hannu yana cewa in ya koma gida zai yi tunani.

Ƙarshen ciniki yana hannun wani jami'in shari'a da suke kira notayo. Shi ba lauyan mai gida ba ne, ba kuma na mai saye ba, wakilin doka ne. Mai saye ne yake zaɓensa, shi yake biyansa. Aikinsa ne ya bincika ko mai sayarwa shi ne mai gidan da gaske, ko an jinginar da gidan a banki, ya karanta takardar ciniki a gaban kowa, ya karɓi haraji, ya kai rajista. In mai saye bai iya harshen Italiya ba dole a kawo tafinta, a kuma fassara takardar. Tun 2017 doka ta ba mai saye dama ya ce notayo ya riƙe kuɗin har sai an gama rajista da sunansa. Wannan kariya ce babba ga baƙo.

Kuɗin da ba a faɗa a talla

In an sayi gida daga hannun mutum, harajin rajista kashi 9 ne cikin ɗari na darajar da hukuma ta rubuta wa gidan, wadda sau da yawa ba ta kai kuɗin kasuwa ba. Wanda zai mai da shi gidan zamansa, ya kuma dawo da rajistar zamansa garin cikin wata 18, kashi 2 zai biya. Kome ƙanƙantar gida, wannan haraji ba ya gaza Yuro 1,000, ga waɗansu ƙananan haraji biyu na Yuro 50 kowanne. Ga ladan notayo, da na safiyo, da na tafinta. Dillali kuma yakan karɓi la'ada wajen kashi 3 cikin ɗari daga kowane gefe. Bayan an karɓi mabuɗi akwai harajin gida na shekara, wanda ake biya a watan Yuni da na Disamba in ba a nan mutum yake zaune ba, ga kuɗin kwashe shara. Watau mai gidan Yuro ɗaya zai fitar da dubban Yuro tun magini bai taɓa bango ba.

Ramukan da ke kan hanya

Na ɗaya, magada. Dokar gado ta Italiya ta ware wa miji ko mata da 'ya'ya rabonsu, don haka tsohon gida yakan zama na mutum goma ko fiye, waɗansu a Ajantina, waɗansu ba a san inda suke ba. Sai kowannensu ya yarda kafin gida ya zama naka duka.

Na biyu, ginin da aka ƙara ba izini. Ɗaki ko bene da wani kaka ya ɗora ba tare da takarda ba zai iya hana ciniki, ko ya zama nawaya a wuyan sabon mai gida. A tsohuwar unguwa kuma ba a canza ko taga sai hukuma ta yarda.

Na uku, gona. In gidan yana haɗe da gona, manomin da ke haya a cikinta, ko maƙwabcin da ke noma a gefenta, yana da hakkin a fara yi masa tayi, a ba shi kwana 30. In ba a yi haka ba zai iya karɓe gonar daga baya a kan kuɗin da aka rubuta. Wanda ba manomi ba kuwa harajin gona kashi 15 ne a kansa.

Na huɗu, ƙasar kanta. Girgizar ƙasa ta kashe mutane wajen 300 a Lakwila a 2009, da wajen 300 kuma a Amatiriche da kewayenta a 2016. Tsofaffin gidajen dutse su suka fi faɗuwa. Hunturu a kan duwatsu yana da tsanani, ɗumama gida yana cin kuɗi. A 2024 fari ya sa aka riƙa raba ruwan famfo da awo a garuruwa da yawa na tsakiyar Sisili. Asibiti yana iya zama da nisa, mota kuwa ba kullum take zuwa ba. Aiki fa? Ai rashinsa ne ya kori 'yan garin tun farko.

Ina za a yi sujada?

Mai bi ba bango da rufi kaɗai yake nema ba. Yawancin mutanen ƙauyen Italiya 'yan Katolika ne, majami'a kuma ita ce tsakiyar gari. Wanda ya fito daga wata ɗariƙa zai iya yin tafiya mai nisa kafin ya sami taron irin nasa. Akwai tsohuwar ekklesiyar Waldensiya, wadda ta sha tsanani shekaru ɗaruruwa a kwaruruwan arewa maso yamma kafin a ba mutanenta 'yanci a 1848. Ta haɗa kai da Metodis a 1975, 'yan Afirka da yawa kuma suna sujada a cikinta, amma yawanci a birane ne. Iyali mai yara ya auna wannan da kyau. Ya kuma sani a ƙaramin gari kowa ya san kowa. Wanda ya koyi harshe, yana gaisuwa, yana zuwa jana'iza, shi ake karɓa.

Abin da Maganar Allah ta nuna mana

Sayen fili a baƙuwar ƙasa ba sabon abu ba ne. A cikin Farawa sura 23, da Saratu ta rasu, Ibrahim yana baƙo a tsakanin Hittiyawa. An yi masa tayin kogon Makfela kyauta, amma ya ƙi. Ya auna shekel 400 na azurfa ya biya Efron a gaban jama'a a ƙofar gari, domin kada wani ya tā da magana daga baya. Annabi Irmiya ma, a sura 32, da ya sayi gona a Anatot, ya rubuta takarda, ya kira shaidu, ya sa aka adana ta cikin tukunyar ƙasa. Bangaskiya ba ta hana su bin ƙa'ida ba. Ubangiji Yesu kuma, cikin Luka sura 14, ya ba da misalin mai niyyar gini wanda ya kamata ya zauna tukuna ya yi lissafi, don kada ya kafa harsashi ya kāsa gamawa, ya zama abin ba'a. Manzo Bulus kansa ya yi shekara biyu a Roma, a gidan haya ya zauna, bishara kuwa ba ta tsaya ba. Haya ba abin kunya ba ce. Mai hankali zai fara kama haya a garin, ya ga hunturu ya ga bazara, kafin ya saya.

In ɗanku ya kawo wannan magana, kada ku tsawata masa, gama son mallakar gida abu ne mai kyau. Ku tambaye shi abu huɗu. Takardar zamanka tana da kyau? Wane notayo ne ya duba gidan? Nawa safiyo ya ce gyara zai ci? Da me za ka ci abinci a garin? In ya amsa duka da hujja, ku sa masa albarka. In ya yi shiru, ku roƙe shi ya dakata. Miji da mata kuma kada ɗaya ya yanke irin wannan shawara a ɓoye wa ɗaya.

Mu kuma da ke gida, bari kangayen Italiya su zama mana gargaɗi. Gari ba ya mutuwa rana ɗaya, ƙofa ɗaya ɗaya ake rufewa. Mu lura da gidajen iyayenmu a ƙauye, mu raba gado da gaskiya tun dattawa suna da rai, mu rubuta, mu sa shaidu. Allah ya ba mu hikima mu riƙe amanar abin da ya danƙa a hannunmu. Amin.