Gida Biyu Maganin Gobara: Darasin Ƙwai da Kwando

Uwargida, idan ɗanki ya dawo daga makaranta da maganar Turawan nan mai cewa kada mutum ya zuba ƙwansa duka a kwando ɗaya, kada ki ɗauka zancen kaji ne. Nufinta kada a ɗora duk abin da aka mallaka a kan hanya guda, domin in kwandon ya faɗi, ba ƙwan da zai tsira. Ana faɗa wa mai shirin zuba jarinsa kaf a sana'a ɗaya, ko ɗalibin da ya nemi makaranta ɗaya tak. Mu kuwa tuni muka ce gida biyu maganin gobara.

Mu mutanen Augie mun ga wannan da idonmu. A daminar 2020 Gulbin Rima ya cika ya batse, ruwa ya shanye shinkafar fadama daga nan har Argungu da Birnin Kebbi. Ba manoma kaɗai abin ya taɓa ba. Matan da ke sayen shanshera su turara su sayar, su ma hannunsu ya tsaya.

A watannin da suka biyo baya na lura da wani abu a wurin aikina na jinya. Uwar da ke da akuya ko 'yan kaji takan sayar ta kawo ɗanta da wuri. Wadda shinkafa ce kaɗai madogararta sai ta yi ta jira, har zazzaɓi ya ci ƙarfin yaron.

Sai dai a kula: mai turara shinkafa da ta ƙara da sayar da tuwon shinkafa, har yanzu kwandonta ɗaya ne, ambaliya guda za ta kwashe duka. Zaɓi abin da masifa ɗaya ba za ta haɗa su ba, kamar kiwon awaki, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ko ɗinki. Kuɗin adashi ma kada ya koma cikin jari gaba ɗaya, ki ware na asibiti.

Kada kuma a wuce gona da iri, taura biyu ba ta taunuwa. Sana'a biyu da kike iya riƙewa ba tare da yara sun tagayyara ba sun fi biyar da ke wahalar da ke.

'Yar'uwa, ke mene ne kwandonki na biyu? Faɗa mana, wata ta ƙaru.