Mai Ƙin Zubar da Jini da Sojan da Ke Ƙetare Iyaka

Ƴan uwa Musulmi, mutumin da ya tsani zubar da jini, wanda bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, shin zai iya goyon bayan a tura sojojin ƙasarsa yaƙi a wata ƙasa ba tare da ya ƙaryata kansa ba?

Ƙin yaƙi yana da tushe a addininmu. Suratul Ma'ida ta ba mu labarin ɗan Annabi Adamu, Habila, wanda ɗan uwansa ya yi niyyar kashe shi, shi kuwa ya ƙi rama mugunta saboda tsoron Allah. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi shekara 13 a Makka ana azabtar da sahabbansa, ba a ba su izinin zare takobi ba. Amma mu lura da kyau: ran da Habila ya sallama nasa ne. Mutum na da ikon yafe marin da aka yi masa, kuma yana da lada. Ba shi da ikon yafe yankan da ake yi wa maƙwabcinsa alhali yana iya riƙe hannun mai wuƙar. A nan ne mai son zaman lafiya ke samun ƙofar goyon baya, kuma ƙofa ce ƙunƙunta.

Aya ta 9 ta Suratul Hujurat ta tsara al'amarin daki-daki, ko da yake a kan ɓangarori biyu na muminai take magana. Sulhu ake fara nema. In ɗaya ya zaɓi zalunci, shi kaɗai ake yaƙa, a dakata da zarar ya dawo kan gaskiya, sannan a sake zaman sasantawa bisa adalci. Wannan kuwa aikin hukuma ne, ba na saurayin da zai saɓi bindiga ya ƙetare iyaka da ra'ayin kansa ba.

Mu auna da abin da muka gani. A 2012 ƙungiyoyi masu makamai suka ƙwace Gao da Tumbutu da Kidal, suka yanke hannayen mutane, suka rushe ƙaburburan waliyyai. Gwamnatin Mali da kanta ta nemi agaji, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da izini a watan Disamba, a Janairun 2013 kuma sojojin Nijar da na Cadi suka shiga Gao. Ba a kyauta muka yi ba. Ranar 23 ga Mayun shekarar aka kai harin ƙunar baƙin wake barikin soja na Agadas da ma'adinan Arlit, gidaje da dama suka karɓi gaisuwar mutuwa. A ganinmu, mai ƙin jini da ya goyi bayan wannan tafiya bai saɓa wa kansa ba.

Libiya kuwa daban ce. A 2011 izinin da aka bayar na kare farar hula ne. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta kawo shawarar sasantawa, aka ture ta gefe, jiragen OTAN suka ci gaba da ruwan wuta har aka kashe Gaddafi a watan Oktoba. An tsallake matakin farko, an ƙetare iyakar na biyu, na uku bai tabbata ba. Makaman da suka watsu daga rumbunan Libiya suna cikin abin da ya hura wutar Mali.

Ko a Mali ɗin ma, matakin ƙarshe ya gagara: yarjejeniyar sulhu ta Aljeriya ta 2015 ta rushe a farkon 2024. Saboda haka duk wanda ya ce a tura soja, tambayoyi na kansa muddin sojan yana can: wa ya kira mu, wa muke karewa, farar hula nawa suka mutu ta hannunmu, kuma yaushe ƴaƴanmu za su dawo gida?