Bindigar Farko a Hannun Mace: Kuskuren da Ake Yi a Kantunan Amurka

Tsakanin Janairun 2019 da Afrilun 2021, kimanin mutum miliyan 7.5 ne suka mallaki bindiga a karon farko a Amurka, kuma kusan rabinsu mata ne, kamar yadda binciken Matthew Miller da Deborah Azrael da abokin aikinsu ya nuna a mujallar Annals of Internal Medicine. A ƙasar da Kotun Ƙoli ta yanke tun 2008, a shari'ar Heller, cewa ajiye bindigar hannu a gida don kare kai haƙƙi ne da tsarin mulki ya bai wa ɗan ƙasa, sayenta ba wani abin ɓoyo ba ne: wanda ya kai shekara 21 zai shiga kantin da ke da lasisi, ya cike takarda, a binciki tarihinsa, sannan ya bi sauran sharuɗɗan jiharsa. Mai karatu a Najeriya ya san namu tsarin daban ne, domin dokar makamai ta 1959 ta sanya fistol da libarba cikin haramtattun makamai, sai da lasisin shugaban ƙasa. Zancen nan na Amurka ne. Abin da ya sa ya cancanci a duba shi kuwa shi ne shawarar da mace ta fi samu idan ta je sayen bindigarta ta farko, daga miji ko yaya ko mai kanti: a ɗauko mata 'yar ƙarama mara nauyi, wai ita ce daidai da hannun mace. Wannan shawara, duk da kyakkyawar niyyar masu ba da ita, takan haɗa sabuwar mai koyo da bindigar da ta fi kowace wuyar harbawa.

Dalili na farko yana cikin lissafin motsi, kuma bai san mace ko namiji ba. Idan albarushi ya kama, ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne kuma yake tura bindigar baya. Wanda ya taɓa tsalle daga ƙaramin kwalekwale zuwa gaɓa ya ga yadda kwalekwalen ke zillewa baya, alhali babban jirgin ruwa ko gezau ba ya yi. Haka bindiga take: idan harsashin iri ɗaya ne, aka rage nauyin bindiga da rabi, ƙarfin shurin da za ta yi wa hannu sai ya ninka. Libarbar Smith & Wesson 642, wadda ta yi suna wajen miƙa wa mata, nauyinta bai wuce giram 400 da 'yan kai ba, domin jikinta na alminiyam ne. Glock 19, fistol mai matsakaicin girma da ta fito a 1988, ta haura giram 600 ko babu harsashi a cikinta, kuma sashenta na sama da ke ja da baya yana shimfiɗa shurin, ba ya sauke shi gaba ɗaya a tafin hannu. Ga kuma mariƙi. Na ƙananan bindigogi gajere ne, sau da yawa ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama, don haka duk dukan yana taruwa ne a ɗan fili kaɗan. Sakamakon ba ciwon hannu kaɗai ba ne. Jiki yana koyon tsoro da sauri, sai mai harbi ta fara runtse ido tana dankwafar da bakin bindiga tun kafin harsashi ya fita, kuma malaman harbi sun san cewa cire wannan ɗabi'a ya fi koyar da sabon mutum wahala. Mafi muni, wadda ta sha zafi a ranar farko ba ta ɗokin komawa filin atisaye, bindigar sai ta koma cikin durowa a hannun wadda ba ta iya ta ba.

Sai batun kunama. Irin waccan libarba tana buƙatar yatsa ya ja nauyin da ya kai kilo 5 ko fiye kafin ta tashi, wato yatsa ɗaya zai ja abin da ya ninka nauyin bindigar kanta sau goma, kuma ana so bakinta ya tsaya cak a kan saiti yayin da ake wannan jan. Kunamar Glock 19 kusan kilo biyu da rabi ce. Ƙari a kan haka, bututun 642 bai kai inci 2 ba, tazarar da ke tsakanin ma'aunin saiti na gaba da na baya gajeriya ce, kuskure ɗan ƙanƙani a hannu sai ya zama babba a jikin allo. Ƙwararru kan ɗauki irin waɗannan bindigogi saboda sauƙin ɓoyewa, amma bayan sun shekara suna harbi. A bai wa sabuwar shiga abin da gwani ma yake fama da shi, sannan a ce mata ba su iya harbi ba, wannan rashin adalci ne ga matan da tun zamanin Annie Oakley, wadda ta rasu a 1926 bayan ta koya wa dubban mata harbi, suke nuna akasin haka.

Akwai masu cewa matsalar daga harsashi take, mace sai ƙaramin harsashi, namiji kuma babba. Tarihin hukumar FBI ya isa amsa. Bayan musayar wuta da aka yi a Miami a 1986, inda jami'anta biyu suka mutu, hukumar ta koma harsashi mai ƙarfi na milimita 10, daga baya kuma .40 S&W. Amma a 2014 sashenta na horo ya ba da shawarar a dawo kan milimita 9, kuma cikin hujjojinsa akwai cewa jami'ai sun fi saurin harbi da samun saiti da shi, ga shi harsasan zamani sun toshe giɓin da ake tsoro a da. A 2016 ta ba kamfanin Glock kwangilar bindigogin milimita 9. Idan jami'an da ake biya albashi don su yi atisaye sun fi dacewa da abin da shurinsa ke da sauƙi, to sauƙin shuri buƙatar kowane mai harbi ce, kuma matsakaiciyar fistol mai cin milimita 9 ko .380 ba rangwame ba ce da ake yi wa raunin mace.

Hujja mafi ƙarfi da masu goyon bayan libarba suke da ita ita ce ɗanawa. Fistol sai an ja samanta baya an sake kafin harsashi ya hau, kuma gaskiya ne cewa a matsakaici damƙar hannun mata ba ta kai ta maza ba, don haka wasu sukan sha wuya, musamman tsofaffi da masu ciwon gaɓoɓi. Libarba kuwa ba ta buƙatar wannan, ga ta da sauƙin fahimta, ido yana ganin ko da harsashi a cikinta ko babu. Wannan magana tana da nauyi, kuma ga wadda ta zaɓi libarba saboda haka, matsakaiciya ta ƙarfe zalla mai bututun inci 3 ko 4 zaɓi ne mai kyau. Amma a lura da abu biyu. Ƙananan fistol sun fi manya taurin ɗanawa, saboda sifirin ɗinsu dole ya yi tauri ya tare ɗan guntun ƙarfen da ke ja da baya, kuma babu wadataccen wurin kamawa, ashe ƙanƙanta ba ta warware matsalar ba, ƙara ta ta yi. Na biyu, yawancin wahalar ta rashin dabara ce: malamai suna koyar da a damƙi sama da dukan tafin hannu, a matso da bindigar kusa da jiki, a tura mariƙin gaba da ɗaya hannun, ƙarfin kafaɗa ya yi aikin da yatsu suka kasa. Kamfanoni ma sun farga. Smith & Wesson ya fito da Shield EZ a 2018 da niyyar sauƙaƙa ɗanawa da loda harsashi, Walther kuma ya fito da PDP F-Series a 2022, ya rage kaurin mariƙi da nisan kunama daga tafin hannu. Wannan gyara ne na gaske, ba irin shafa wa bindiga fenti ruwan hoda ba, wanda bai taɓa rage shuri ko da ƙwayar zarra ba.

Wata kuma za ta ce ita buƙatarta abin da za ta ɗauka a jiki ne ba tare da an gani ba, babbar bindiga kuwa ba ta ɓoyuwa a kayan mata. Buƙata ce halastacciya a jihohin da doka ta yarda, kuma irin su SIG P365 da ta fito a 2018 sun yi kasuwa ne saboda ita. Sai dai wannan tambaya ce ta bindiga ta biyu. Ta farko aikinta koyarwa ne, shi ya sa malamai da yawa suke fara ɗalibansu da bindigogi masu cin harsashin .22, kamar Ruger Mark IV ko Glock 44, masu ƙarancin shuri da ƙara, harsashinsu kuma da araha, mutum zai yi harbi ɗaruruwa ba tare da aljihu ya yi kuka ba. Da irin wannan harsashi mata ke gasar fistol ta mita 25 a wasannin Olamfik tun 1984. Kuma filayen harbi da yawa a Amurka suna ba da hayar bindigogi, don haka babu dalilin saye kafin gwaji. Abin da za ta duba a bayyane yake: ko yatsanta yana isa kunama ba tare da ta karkata riƙonta ba, ko za ta iya ɗanawa da cire gidan harsashi ba taimakon kowa, ko bayan harbi hamsin tana da sha'awar ƙarawa. Babu mijin da zai iya amsa waɗannan a madadin matarsa, komai sanin da ya yi wa bindiga, domin da nasa hannun yake aunawa.

Akwai ƙalubalen da ya fi duk waɗannan girma, shi ne na masu cewa tambayar tun asali kuskure ce, bai kamata ta saya ba. Ba a kore wannan da wasa. Binciken Jacquelyn Campbell na 2003 ya nuna cewa idan namiji mai dukan matarsa yana da hanyar samun bindiga, haɗarin ya kashe ta yana ninkuwa kusan sau biyar. Wani binciken da David Studdert ya jagoranta a jihar Kalifoniya, wanda ya fito a 2020 bayan bin diddigin mutum sama da miliyan 26, ya gano cewa matan da suka mallaki bindigar hannu sun ninka waɗanda ba su da ita kusan sau 35 wajen kashe kansu da bindiga. Fiye da rabin mace-macen bindiga a Amurka kisan kai ne na mutum da kansa, kuma tun 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa a ƙasar. Ga matar da ke zaune ɗaki ɗaya da wanda take tsoro, ko wadda take fama da matsananciyar damuwa, ko wani a gidanta yake fama da ita, waɗannan alƙaluma sun fi ƙarfin duk wani bayani kan mariƙi da kunama, kuma fasa sayen shi ne hankali. Ga wadda ta auna ta ga za ta saya, lissafin kuɗinta bai ƙare a farashin bindiga ba. Akwai akwatin ƙarfe mai makulli da yara da baƙi ba za su iya buɗewa ba, da kube mai tauri da ke rufe kunama gaba ɗaya, domin jefa bindiga tsirara cikin jaka tare da makullai da kayan kwalliya ya sha jawo ajali. Akwai abin toshe kunne da tabarau, da kuɗin malami, da harsasan atisaye wata bayan wata. Mai juna biyu kuma sai ta tuntuɓi likita kafin ta shiga filin harbi na cikin gini, saboda ƙurar dalma da harsashi ke fitarwa da kuma tsananin ƙara.