KYAN ƊAN MACIJI: YADDA KWALI KE SAYAR DA ALEWAR WIWI A AMURKA DA KANADA

A da, duk wanda ya kunna tabar wiwi, hayaƙinta da warinta su ne ke tona masa asiri. Amma tun daga ranar 1 ga Janairu, 2014, da Jihar Kolorado ta ƙasar Amurka ta soma yarda a sayar wa manya wiwi a kantuna, sai al'amarin ya sake salo. Masu wannan sana'a suka duƙufa wajen tace ganyen, suna ciro sinadarin da ke bugarwa, wanda masana ke kira THC, suna zuba shi cikin alewa da cakulan da biskit da kek, har da kayan sha. Irin wannan alewa ba ta hayaƙi, kuma in an ajiye ta kusa da alewar kanti ido ba ya iya rarrabe su. Saboda haka ba abin da ya rage wa mai saye ya dogara da shi sai kwalin da aka ƙunso ta a ciki.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, a nan kwalin shi ne fuskar. Shi ke gaya wa mutum cewa abin da ya riƙe abinci ne ko kayan maye, shi ke nuna masa yawan da zai ci, shi ne kuma ke jawo hankalin yaro ko ya kore shi. Wannan ya sa gwamnatoci da likitoci da 'yan kasuwa suka shafe fiye da shekara goma suna ja-in-ja a kan launi da rubutu da hoton da za a sa wa kwalin.

CI YA SHA BAMBAN DA ZUƘA

Kafin a gane dalilin wannan ja-in-ja, wajibi ne a san yadda abin ke aiki a jiki. Mai zuƙar hayaƙi yakan ji maye cikin 'yan mintoci, domin sinadarin na bi ta huhu ya shiga jini nan da nan. Wanda ya ci kuwa, sai abin ya bi ta ciki da hanji, ya isa hanta, ita kuma ta juya shi zuwa wani sinadari mai saurin ratsa ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya takan ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a biyu kafin a ji komai, mayen kuma yana iya kai sa'a shida ko fiye bai sake mutum ba. A cikin wannan jira ne ake yin kuskure, watau mutum ya zaci abin bai yi aiki ba, ya ƙara.

Haka ta faru a birnin Denver cikin watan Maris na 2014. Wani ɗalibi mai shekara 19 ya sami biskit guda ɗaya wanda aka rubuta a jikin takardarsa cewa yana ɗauke da miligiram 65 na THC, watau rabon ci shida da rabi. Mai kanti ya ce a raba shi shida. Saurayin ya ci kashi ɗaya, ya jira bai ji komai ba, sai ya cinye sauran. Bayan 'yan sa'o'i hankalinsa ya gushe, ya faɗo daga bene hawa na huɗu ya mutu. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta buga bayanin wannan mutuwa a 2015. Rubutun da ke jikin takardar gaskiya ne, amma siffar abin ta fi rubutun ƙarfi, gama duk wanda aka miƙa wa biskit ɗaya, a saninsa ci ɗaya ne.

Daga nan Kolorado ta shiga gyaran doka. A watan Fabrairu na 2015 aka ce kada rabon ci ɗaya ya wuce miligiram 10, in kuwa abin ya fi haka, to, a tsaga shi yadda kowa zai ga iyakar kowane rabo. A Oktoba na 2016 aka tilasta buga wata alama mai haruffan THC a jikin kwali da kuma jikin alewar kanta, domin ko an jefar da kwalin a gane ta. A Oktoba na 2017 kuma aka hana yin ta da siffar mutum ko dabba ko 'ya'yan itace.

KWAIKWAYON KWALI

Duk wannan doka masu lasisi kaɗai ta ɗaure. A bayan fage akwai wasu da suka gane cewa hanya mafi sauƙi ta samun amincewar mai saye ita ce aron fuskar da ya riga ya sani. Sai su ɗauki launi da haruffan wata sananniyar alewa, su canja harafi ɗaya ko biyu, su ɓoye ganyen wiwi ƙarami a wani lungu na ledar. Tun a 2014 kamfanin cakulan na Hershey ya kai wani kamfanin Kolorado ƙara a kan haka. A watan Mayu na 2021 kamfanin Wrigley, mai alewar Skittles da Starburst, shi ma ya garzaya kotu. A Yuli na 2023 hukumar kula da ciniki da hukumar abinci da magunguna ta Amurka suka aika wa kamfanoni shida takardar gargaɗi, saboda kayansu sun yi kama da Doritos da Cheetos da Nerds, waɗanda duk yaron Amurka ya san su.

Wani bincike da masanan Jami'ar New York suka buga a 2022 ya nuna cewa irin waɗannan ledoji na kwaikwayo sukan ce suna ɗauke da miligiram 300 zuwa 600, alhali jihohi da dama sun tsayar da iyakar kwali ɗaya a kan miligiram 100. Ke nan ledar da ta fi kama da ta yara ita ce ta fi ƙarfin maye.

WAƊANDA BA SU IYA KARATU BA

Gargaɗin da aka rubuta, komai girman haruffansa, mai karatu yake yi wa amfani. Yaro ɗan shekara biyu launi da hoto yake gani. Mujallar likitocin yara ta Amurka mai suna Pediatrics ta buga ƙididdiga a Janairu na 2023, wadda ta nuna cewa a 2017 an kai rahoton yara 207 'yan ƙasa da shekara shida da suka ci irin wannan alewa. A 2021 adadin ya kai 3,054. Cikin shekaru biyar ɗin an sami yara fiye da 7,000, fiye da rabinsu 'yan shekara biyu ne da uku, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu sai da aka kwantar da su a asibiti. Mafi yawansu a cikin gidajensu suka tsinci abin. Alamomin da likitoci suka fi gani su ne barci mai nauyi da layi da amai, wasu kuma numfashinsu ya yi rauni.

HANYAR DA KANADA TA BI

Ƙasar Kanada ta halatta wiwi a ranar 17 ga Oktoba, 2018, amma ta jinkirta na ci har shekara guda. Da ta zo yin dokarsa a 2019, sai ta bi sawun abin da Ostireliya ta yi wa kwalin taba sigari a 2012, watau ta tuɓe masa ado. Aka ce kwali ya zama mai launi ɗaya, ba hoton mutum ko dabba, ya kasance mai wuyar buɗewa ga yaro, da jar alama mai ganyen wiwi, da gargaɗi cikin rawayan akwati, kuma kada ya wuce miligiram 10. Binciken masanan Jami'ar Waterloo ya nuna cewa kwali marar ado bai cika burge matasa ba, kuma mutane sun fi gane yawan da za su ci in an rubuta musu adadin rabo, maimakon miligiram kawai.

Duk da haka kwali bai gama magance matsalar ba. Lardin Kebek ya ƙi yarda da alewa da cakulan na wiwi gaba ɗaya, sauran larduna irin su Ontariyo da Albata suka yarda. Da likitoci suka kwatanta, sai suka ga yawan yaran da ake kwantarwa ya fi hauhawa a lardunan da suka yarda. Dalili kuwa a fili yake: da zarar babba ya buɗe kwalin ya ajiye ragowar, abin da yaro zai gani alewa ce tsirara.

A NAN GIDA

A Nijeriya doka ta haramta wiwi ta kowace siffa, tun daga dokar soja ta 1966 har zuwa wadda ta kafa hukumar NDLEA a 1989. Amma ƙididdigar da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta nuna mutum miliyan 10.6 ke shan ta, kuma a 2021 hukumar ta kama masu sayar da biskit mai wiwi a Abuja. Tun da ba doka ce ta tsara shi ba, irin wannan biskit ba ya ɗauke da alama ko gargaɗi ko ma'auni. Saboda haka nauyi ya koma kan iyaye da malaman makaranta. Ya kamata a duba ledar da yaro ya shigo da ita, a lura da sunan da aka karkatar da haruffansa, da hoton ganye mai yatsu, da haruffan THC. In kuwa yaro ya ci wani abin zaƙi sa'an nan ya shiga layi ko barcin da ba a saba gani ba, a hanzarta kai shi asibiti, a tafi da ledar ko ragowar abin domin likita ya gani.