Horo biyu a hannu ɗaya: yadda jami'o'in Amurka ke hukunta ɗalibai ƴan wasa da ake zargi da babban laifi

1. Gabatarwa

Wannan ƙasida ta samo asali ne daga wata matsalar fassara. A darasin fassara mun ba ɗalibai wani labarin jarida na Faransanci, inda aka ce wani ɗan wasan jami'a a Amurka «a été suspendu» bayan an zarge shi da fyaɗe. Amsoshi iri huɗu suka dawo mana: an dakatar da shi, an kore shi, an hukunta shi, an hore shi. Ba mu iya cewa ga mai gaskiya ba sai da muka koma muka binciki wanda ya yi dakatarwar, da ikon da yake da shi, da irin hujjar da ya dogara a kanta. Abin da muka tarar shi ne za mu bayyana a nan: ɗan wasan da ake zargi yana tsaye ne gaban hukumomi uku lokaci guda, kowace da kalmominta da ma'auninta da agogonta, kuma wadda ta fi sauri a cikinsu ita ce wadda ke da riba ko asara a sakamakon.

Sai mai karatu ya san girman abin da ake magana a kai. Wasan jami'a a Amurka kasuwanci ne. Filin ƙwallon jami'ar Mishigan yana ɗaukar mutum fiye da 100,000, filin Seyni Kunce na Yamai bai kai rabinsa ba. A jahohi da dama, mai horas da ƴan ƙwallon jami'a shi ne ma'aikacin gwamnatin jaha da ya fi kowa albashi, har da gwamna. Ƙungiyar da ke tsara waɗannan wasanni, watau NCAA, an kafa ta a 1906, tana da jami'o'i kusan 1,100.

2. Sunan da aka ƙera

Kalmar da Ingilishi ke kiran waɗannan samari da ita, «student-athlete», watau ɗalibi-ɗan wasa, ba ta fito daga bakin jama'a ba, ƙera ta aka yi. A 1953 kotun ƙolin jahar Kolorado ta yarda cewa wani ɗan ƙwallon jami'ar Denba da ya ji rauni ma'aikaci ne, ya cancanci diyya. A 1955 kuma Ray Dennison, ɗan wasan kwalejin Fort Lewis, ya mutu sakamakon bugu a kai cikin fili, matarsa ta nemi diyyar ma'aikaci, amma a 1957 kotun ta hana ta. Walter Byers, wanda ya riƙe NCAA sama da shekara 35 tun daga 1951, ya faɗa da kansa cikin littafin da ya wallafa a 1995 cewa sun ƙirƙiri kalmar ne don kauce wa irin wannan ƙara, suka kuma sa a riƙa amfani da ita cikin dokoki da sanarwa.

Ga mai nazarin harshe, tsarin kalmar yana da ban sha'awa: sunaye biyu ne aka jera, ba a bayyana wanda ke mulkin ɗan'uwansa ba. Idan maganar albashi ta taso, sai a jingina da na farko, a ce ɗalibi ne. Idan maganar ladabtarwa ce, sai a jingina da na biyu, a ce ɗan wasa ne, kuma wasa gata ne da jami'a ta ba shi, ba haƙƙi ba ne. Abin da aka kira gata kuwa ana iya janye shi ba tare da zaman shari'a ba. Shekaru da yawa kotunan Amurka sun fi karkata ga wannan fahimta.

3. Hukumomi uku

Ta farko ita ce kotu. A can mutum wanda ake tuhuma ne, kuma ba a kama shi da laifi sai hujja ta kai matsayin da ba ta bar wani kokwanto mai ma'ana ba. Wannan ya yi kusa da «intime conviction» da muka gada daga dokar Faransa, ko da yake ba abu ɗaya ba ne. Shari'ar tana iya ɗaukar shekara ɗaya ko biyu, sau da yawa ma ba ta farawa, domin mai gabatar da ƙara yana da ikon ajiye magana.

Ta biyu ita ce jami'ar kanta, ta hanyar abin da za mu kwatanta da «conseil de discipline» namu. Tun hukuncin Dixon na 1961, jami'ar gwamnati ba ta korar ɗalibi sai ta sanar da shi abin da ake zarginsa da shi, ta kuma saurare shi. Idan zargin na fyaɗe ne ko cin zarafin mata, wata doka ta 1972 da ake kira Title IX ke shigowa. Dokar ta hana nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, kuma a 1999 kotun ƙolin ƙasar ta ce makarantar da ta san ɗalibi na cin zarafin ɗan'uwansa ɗalibi, ta yi ko oho da gangan, ana iya cin ta tara. Ma'aunin hujja a nan ya yi ta sauyawa da sauyin gwamnati. A Afrilun 2011 ma'aikatar ilimi ta umurci jami'o'i su yi aiki da rinjayen hujja, watau ya isa a ga cewa yiwuwar faruwar abin ta fi rashinta nauyi. A 2017 aka janye umurnin. Dokokin 2020 suka bar wa jami'a zaɓi tsakanin rinjayen hujja da hujja bayyananniya mai gamsarwa, suka kuma tilasta zaman sauraro inda mai ba kowane ɓangare shawara zai yi wa ɗaya ɓangaren tambayoyi. An kawo sababbi a 2024, wata kotun tarayya a Kentaki ta soke su a Janairun 2025, aka koma na 2020.

A wannan hukuma an guje wa kalmomin kotu da gangan. Ba a cewa «guilty», watau mai laifi, sai a ce «responsible». Nan mai fassara zuwa Hausa zai yi tuntuɓe. Kalmar da ta fi kusa ita ce alhaki, to amma ga Bahaushe alhaki ya fi laifi nauyi: laifi ana biyansa a kotu ko a gidan kaso, alhaki kuwa yana bin mutum har lahira. Kalmar da aka zaɓa a Ingilishi don ta sassauta magana, a Hausa tsananta ta take yi. Mu dai mun fi son a ce jami'a ta same shi da saɓa ƙa'idarta, ko da ya fi tsawo.

Hukuma ta uku ita ce sashen wasanni, watau mai horaswa da daraktan wasanni. Su ba sa jiran kotu, ba sa jiran majalisar ladabtarwa. Da safe labari ya fito, da yamma ana iya sanar da cewa an dakatar da wane har sai abin da hali ya yi, ko an cire shi saboda «saɓa dokokin ƙungiya», jimlar da ba ta faɗin wace doka ce. Idan ƴan jarida sun matsa, sai a fake da dokar sirrin takardun ɗalibai ta 1974. Haka kuma ana iya ƙin yin komi, ɗan wasa ya shiga fili ran Asabar. A nan Hausa ta fi Ingilishi da Faransanci fallasa al'amarin, domin kalmar horo a gare mu tana ɗauke da ma'ana biyu, koyarwa da hukunci. Mutumin da ke horas da yaro don ya ci wasa, wanda aikinsa ya rataya a kan cin wasan, shi ne kuma ake jira ya hore shi ta hanyar hana shi wasa. Ba sai mutum ya kasance mugu ba kafin hannunsa ya yi rawa a irin wannan matsayi.

4. Gaggawa da jinkiri

A Maris 2006 wata mata ta zargi ƴan wasan lakuros na jami'ar Duke da fyaɗe (lakuros wasa ne da ake yi da sanda mai raga a kai). Ranar 5 ga Afrilu, kafin a tuhumi kowa, jami'ar ta soke sauran wasannin shekarar, mai horaswa ya sauka bisa tilas. Daga baya aka tuhumi samari uku. A Afrilun 2007 babban lauyan jahar Karolina ta Arewa ya bayyana cewa ba su aikata ba, aka kuma kwace lasisin lauya daga hannun mai gabatar da ƙarar, Mike Nifong, saboda, daga cikin dalilai, ɓoye sakamakon gwajin DNA. A Disamban 2024 matar ta faɗa a fili cewa ƙarya ta yi.

A jami'ar jahar Fulorida akasin haka ya faru. A Disamban 2012 wata ɗaliba ta kai ƙarar fyaɗe, wanda ta zarga kuma shi ne ya zama tauraron ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka a shekarar da ta biyo. Mai gabatar da ƙara ya ce hujja ba ta isa ba a Disamban 2013, ƙungiyar ta ci kofin ƙasa a Janairun 2014, jami'ar kuwa ba ta yi zaman sauraro ba sai Disamban 2014, shekara biyu bayan ƙarar, inda wani tsohon alƙali ya ce bai sami hujjar da ta rinjaya ba. Ba a taɓa tuhumar saurayin a kotu ba, ba kuma mu ce ya aikata ba. Abin lura shi ne agogo: a Satumban 2014, da ya furta wata batsa da ƙarfi cikin harabar jami'a, cikin ƴan kwanaki aka hana shi wasa guda. A Janairun 2016 jami'ar ta biya dala 950,000 don kashe ƙarar da ɗalibar ta shigar a kanta, ba tare da ta amsa laifi ba.

Jami'ar Baylor ta jahar Tekzas ita ta nuna abin da ke faruwa idan hukuma ta uku ta haɗiye ta biyu. Binciken da wani kamfanin lauyoyi ya yi mata ya gano cewa ma'aikatan ƙungiyar ƙwallo sun riƙa ganawa da masu ƙorafi ko iyayensu da kansu, ba su kai maganar inda doka ta ce a kai ba. A Mayun 2016 aka sallami mai horaswa Art Briles, aka sauke Ken Starr daga shugabancin jami'ar.

5. Ina NCAA take?

Mai karatu zai tambaya ko ƙungiyar da ke sama da su duka ba ta da ta cewa. Dokokinta sun yi zurfi a kan kyauta da kuɗi da makin jarrabawa, amma ba ta da dokar da ke hana wasa ga wanda aka samu da fyaɗe. Lokacin da ta yanke hukunci kan Baylor a Agustan 2021, ta ce ba ta sami dokarta da rashin kai rahoton ya karya ba, tun da sakacin ya shafi jami'ar baki ɗaya, saboda haka ba wata alfarma ce ta musamman aka yi wa ƴan wasa ba. Tarar dala 5,000 da ta ɗora, ta wasu laifuffuka ce dabam. Mun karanta wannan dalili sau da yawa, har yanzu yana ba mu mamaki: yawan ɓarnar ne ya zama kariya.

Wannan giɓi ya buɗe ƙofar sauya makaranta. Wanda aka kora a nan yana iya sa rigar wata jami'a baɗi. Jaridar USA Today ta ƙirga, a Disamban 2019, aƙalla ƴan wasa 28 da suka yi haka tun 2014 bayan jami'o'insu na farko sun hukunta su kan laifin da ya shafi jima'i. Rukunin jami'o'in kudu maso gabas da ake kira SEC ya riga ya ɗauki mataki a 2015, ya hana mambobinsa karɓar irin waɗannan, kuma a nan ne aka ba «babban laifi» iyaka a rubuce: fyaɗe, dukan mata ko abokiyar zama, da makamantansu. NCAA kuwa, daga shekarar karatu ta 2022-2023, abin da ta wajabta shi ne a tambayi ɗan wasa tarihinsa kowace shekara. Abin da za a yi da amsar, ta bar wa jami'a.

6. Gatan da ya zama dukiya

Daga Yulin 2021 ƴan wasan jami'a sun sami izinin karɓar kuɗin talla da sunansu da hotonsu, kuma sulhun da wata kotu ta amince da shi a Yunin 2025 ya ba manyan jami'o'i damar biyan su kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 ga kowace jami'a a shekarar farko. Da zarar wasa ya zama hanyar abinci, kiransa gata ya yi wuya.

Alamar farko ta fito daga jami'ar Ilinoyi. A Disamban 2023 aka tuhumi Terrence Shannon, ɗan ƙwallon kwandonta, da fyaɗe a jahar Kansas, sashen wasanni ya dakatar da shi nan take bisa ƙa'idarsa ta cikin gida. Ya kai jami'ar ƙara, ranar 19 ga Janairun 2024 wata alƙaliyar tarayya ta umurci a maido shi. Ta ga cewa dakatarwar na iya jawo masa asarar da ba ta gyaruwa, ta kuɗi da ta damar shiga gasar ƙwararru, alhali ba a ba shi kariyar da ƙa'idar jami'ar ke ba sauran ɗalibai ba. Ya ƙarasa wasannin shekarar da tuhumar a wuyansa, abin da ya ɓata ran masu kare haƙƙin mata, domin babu wanda ya san ƙarshen shari'ar a lokacin. A Yunin 2024 masu taimaka wa alƙali suka wanke shi, kuma a cikin watan nan wata ƙungiyar NBA ta ɗauke shi. Hukuncin na wucin gadi ne, na kotu guda, bai ɗaure sauran kotuna ba. Sai dai lauyoyin jami'o'i sun karanta shi, kuma a wannan karon rabin farko na kalmar Byers, watau ɗalibi, shi ne ɗan wasan ya riƙe ya kare kansa daga sashen wasanni.